Akun Malam Gafaru

Litinin, 6 ga Afrilu 2015, bayan La'asar

Na samo shi! Wallahi na samo shi! Don murna, rubutun nan ko ni ba lallai in iya karanta shi gobe ba.

Kwaku yana shagona. Ga shi can cikin kejinsa a kan teburin yankan yadi, ya juya mini baya kamar ni na yi masa laifi. Akun Malam Gafaru ne. Ya saye shi wata ranar Laraba da daɗewa, ya raɗa masa sunan da mutanensu na Kumasi ke ba yaron da aka haifa ranar Laraba. Tun da ɓarin jikin Malam ya shanye aka kwantar da shi a asibiti, babu wanda ya tuna da tsuntsun. Sai jiya ƙaninsa Moro ya kira ni daga Columbus, garin da yake zaune can nesa, a tsakiyar magana ya ce ai mai gidan hayar ya ɗauke kejin ya kai wani gida da ake ajiye dabbobin da suka rasa masu su, a ba duk wanda yake so. Duk wanda yake so! Yau ko shayi ban sha ba na hau bas.

Na same shi a lungu, kusa da ɗakin karnuka. Ya fige gashin ƙirjinsa tas, numfashinsa na fito kamar butar shayi. Wata yarinya mai zobe a hanci ita ta karɓe ni, yarinyar kirki. Ta ce watan farko yana ƙarƙashinsu tukuna, bayan haka ya zama nawa. Ta ce kada in damu da numfashin, likitan tsuntsaye zai duba shi cikin makon nan, kyauta, haka suke yi wa duk dabbar da aka ɗauka a wurinsu. Sai da na sa ta maimaita, ta maimaita tana dariya.

Ɗiyata Shamima ta dawo daga aiki ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Mama, ke da ko kyanwa ba kya bari ta shigo shago?"

Na ce taimako ne, halittar Allah ce. Ta kalle ni irin kallon nan nata, ta haye sama.

Ni dai saboda tsuntsun na yi.

Talata, 7 ga Afrilu, da hantsi

Ya karɓi gyaɗa daga hannuna! Da ƙafa ya riƙe, ya ɓare ta kamar mutum.

Alhamis, 9 ga Afrilu, bayan Azahar

Ban san ta ina zan fara ba.

Ina kan keke ina haɗa hannun rigar wata amarya, babu kowa a shagon, sai na ji an ce, "Salamu alaikum. Hajiya Hasiya, ka wuni lafiya?"

Muryarsa ce. Har da jan ƙarshen maganar da yake yi, har da wannan "ka" ɗin nasu na mutanen Zangon Kumasi da ba ruwansu da mace ko namiji. Na amsa sallamar kafin in juya! Na miƙe, na gyara mayafi, sai na ga ƙofa a rufe, Kwaku ya karkatar da kai yana kallona da ido ɗaya.

Na zauna. Can ya sake cewa, "Hajiya Hasiya, ina da wani magana." Ya yi gyaran murya, ya sake faɗa. Ya sake gyaran murya. Daga nan tari ya sarƙe shi.

Shekara da shekaru Malam Gafaru yana ajiye tasinsa a gaban shagon nan duk Juma'a bayan masallaci, ya shigo da wando ko riga wai a gyara masa maɓalli. Wani lokacin maɓallin lafiyarsa ƙalau. Ya sha shayi, ya ba ni labarin fasinjoji, ya tafi. Tsuntsun nan bai taɓa ganina ba, ni ma ban taɓa taka gidan Malam ba. To a ina ya ji sunana har ya haddace?

Ba zan rubuta amsar ba.

Hannun rigar amarya na ɗinka shi a baibai. Na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Ina ta dariya ni kaɗai kamar zautacciya. Mace da ta isa yin jika!

Juma'a, 10 ga Afrilu, da yamma

Na kira gidan dabbobin. Sun ce likita bai samu zuwa ba, sai mako mai zuwa. Ba komai, mako mai zuwa ba nisa.

Na dafa shayi kofi biyu da mantuwa.

Lahadi, 12 ga Afrilu, bayan Magariba

Na je duba Malam. Sun mayar da shi gidan jinyar da ake koya wa mutane tafiya. Ya rame. An aske masa gemu, ban san wanda ya ba su izini ba.

Na ce, "Malam, Kwaku yana wurina."

Ya ɗaga hannun hagu ya bugi katifa, ya sake bugawa, idonsa ya kawo ruwa. Ya yi ƙoƙarin magana. Ya daɗe yana ƙoƙari. Da abin ya ƙi, sai ya ji haushi ya juya fuska bango. Na zauna ina ba bayansa labarin gyaɗa.

Ban gaya masa batun numfashin ba. Ɗaya batun ma ban gaya masa ba, Allah ya kiyaye.

Amma ya gane ni sarai, kuma ya ji daɗi. Tun daga can har unguwarmu Tompkinsville a ƙafa na dawo, ban ji gajiya ba.

Talata, 14 ga Afrilu, bayan La'asar

Na gaji da waya, na je da kaina. Yarinya mai zobe ta bar aiki. Manajar ce ta fito, wata doguwa mai jan gilashi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce likitansu karnuka da kyanwoyi kawai yake dubawa, ba su da na tsuntsaye, ba su taɓa yi ba.

Na ce amma an yi mini alkawari.

Ta ce yarinyar ba ta da hurumin faɗar haka.

Na ce, "A kan kujerarku take zaune, rigarku ce a jikinta. Ni ba ita na zo wa ba, ku na zo wa."

Ta ce ta fahimce ni. Duk abin da na faɗa sai ta ce ta fahimce ni. Turancina in raina ya ɓaci gudu yake yi ya bar ni, na dinga haɗawa da Hausa, har da "haba baiwar Allah". Ta miƙo mini ruwa a ɗan kofin takarda.

Laraba, 15 ga Afrilu, da asuba

Yau Kwaku bai yi magana ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu, da rana

Ya sauko daga sandarsa ya kwanta a ƙasan keji, jelarsa na ɗagawa da kowane numfashi. Gyaɗar ma ya ƙi.

Shamima ta nemo wani asibitin tsuntsaye a Manhattan, can ƙetaren ruwa. Kuɗin da suka faɗa sai da na nemi kujera. Na ce ko keken ɗinki ɗaya zan sayar. Sai suka ce tunda har yanzu sunan gidan dabbobin yake kansa, ba za su yi masa babban gwaji ba sai da yardarsu. Na kira mai jan gilashi neman yardar. Ta ce ga shawara mafi sauƙi: in dawo musu da shi ranar Litinin, su tura shi wata gonar tsuntsaye a wata jiha mai nisa, can za a kula da shi. In kuma ban kawo ba, suna da ikon aiko a ɗauka, tunda ba shi da lafiya a hannuna.

A hannuna! Da ciwon na ɗauko shi!

Na ce mata mai shi yana nan da ransa. Ta ce mai shi ba ya iya kula da shi. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai sa in yi istigfari.

Juma'a, 17 ga Afrilu, bayan Azahar

Adjara mai abinci ta leƙo daga shagonta ta same ni ina ba Kwaku ruwa da cokali. Na kwashe komai na gaya mata. To, ba komai ba.

Ta ce, "Hajiya, gobe Asabar ba ranar da suke buɗe ƙofa kowa ya zo ya zaɓi kare ba?"

Na ce ita ce.

Ta ce, "To mu ma za mu je zaɓe."

Ta fita tana kiran matan masallaci ɗaya bayan ɗaya, ina jiyo muryarta har bakin titi. Ji nake kamar gobe sallah. Na goge atamfata mai ruwan goro.

Moro ya kira. Ya ce ƙarshen wata zai zo ya ɗauke Malam ya koma da shi Columbus, matarsa za ta dinga kula da shi. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Haka na ce.

Asabar, 18 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau an yi ta! Bari in rubuta tun ban manta ba.

Mun cika benci biyu na ɗakin jira. Adjara ta zo da koko a fulas da ƙosai a roba. Na ɗora kejin a cinyata na yaye bargon. Ba mu ɗaga murya ba, ba mu tare wa kowa hanya ba. Sai dai duk karen da aka fito da shi, matan nan su tattare zannuwa su ɗage ƙafafu sama gaba ɗaya kamar an ba su umarni. Wani ɗan kwikwiyo ya lashi takalmin Adjara, ta yi salati da ƙarfi har manaja ta fito.

Iyalai suna ta shigowa da yara. Kowane yaro sai ya tsaya gaban kejin. Wata 'yar ƙarama ta tambayi uwarta me ya sa tsuntsun yake tsirara. Shamima ce ta amsa, da Turancinta mai santsi: yana jiran likitan da aka yi masa alkawari ne. Haka ta dinga amsa wa duk wanda ya tambaya, ba ƙari ba ragi. Ban san ɗiyata ta iya tsayawa haka ba. Ita da ta ce rakiya kawai za ta yi!

Wani dattijo da ya riga ya riƙe igiyar karen da ya zaɓa ya juya ya tambayi manaja, "Nawa ma in ya kwanta, haka za ku ce mini?"

Ta ce za ta kira 'yan sanda. Adjara ta miƙa mata ƙosai.

Ba ta kira su ba. Sai ta kirawo wata tsohuwa cikin masu kula da gidan, 'yar guntuwa mai farin gashi da takalman gudu. Tsohuwar ba ta kalli kowa ba, ta durƙusa gaban kejin ta kasa kunne. Da ta miƙe fuskarta ta canza. Ta ja manaja ciki. Muna jin tashin murya, ba ma jin kalmomin. Da suka fito ta ce Litinin da safe in kai shi asibitin nan na Manhattan, ta yi magana da su, gidan zai ɗauki nauyin gwajin.

Matan suka ɗauki guɗa! A cikin gidan karnuka! Karnukan suka amsa gaba ɗaya!

Da za mu fita na hangi mai jan gilashi ta cire gilashin tana murza ido. Ta ce mini a hankali, karnukansu sun fi ɗakunansu yawa, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Na bar mata sauran ƙosan. Ban ce na yafe ba, amma na bar mata.

Allah ka kai shi Litinin. Allah ka kai shi Litinin.

Litinin, 20 ga Afrilu, da yamma

Na lulluɓe kejin da bargo biyu muka hau jirgin ruwa. Duk tsawon tsallakawar kunnena na jikin bargon.

Likitan ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ɗebi jini. Ya ce wani irin funfuna ne ya kama masa huhu, ya daɗe a ciki, da an ƙara kwanaki da sai dai haƙuri. Ya ce ko yanzu ba zai yi mini alkawari ba. Na ce gara haka, na ƙoshi da alkawari.

Magani safe da yamma ta sirinji a baki, da wani ɗan inji mai fitar da tururi da zan dinga sa masa a keji. Na tambayi batun gashin. Ya ce wannan ba ciwo ba ne, kewa ce. Irinsu mutum ɗaya suke zaɓa, in ya ɓace sai su huce a kan jikinsu.

Na ce to.

Laraba, 22 ga Afrilu, da hantsi

Ya cije ni a babban yatsa wurin ba da magani. Jini sosai. Alhamdulillahi, ƙarfi ya fara dawowa!

Alhamis, 23 ga Afrilu, bayan Azahar

Gidan dabbobin sun kira. Gwaji nasu, magani nawa, wai alkawarin dubawa aka yi ba na warkarwa ba. Na buɗe baki zan fara, sai na ji ba ni da lokacinsu. Na ce su dai cire sunansu daga kansa. Sun yarda.

Saura mako ɗaya wata ya ƙare. Na yanka leshin wata mata ba daidai ba, sai na saya mata wani.

Asabar, 25 ga Afrilu, da safe

Shamima tana riƙe mini Kwaku cikin tawul ina ɗura masa magani, sai ya zare baki ya ce, "Hajiya Hasiya, ina da wani magana."

Na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ta mayar da shi keji, ta wanke hannu, ta zo ta zauna a kan teburin yanka inda na sha hana ta zama. Da Hausa ta yi maganar, ita da sai ta ga dama.

"Mama, tun ina makaranta Baba ya rasu. Kin yi abin da za ki yi. In kina so, ki faɗa. Shi yanzu ba zai iya faɗa ba."

Na jefe ta da tef ɗin awo na ce ta tashi ta ba ni wuri, marar kunya. Ta sumbaci goshina ta fita.

Ban taɓa keke ba har Azahar.

Talata, 28 ga Afrilu, da yamma

Ya hau sandarsa da kansa! Likita ya ce zan iya fita da shi na ɗan lokaci in akwai rana. Gidan jinyar sun ce ciki dai a'a, amma lambun baya babu laifi. Alhamis ke nan. Alhamis ɗin Moro zai iso.

Abu ɗaya nake roƙo: Allah ka rufe bakin tsuntsun nan a gaban mutane.

Alhamis, 30 ga Afrilu, bayan Magariba

Moro ne ya turo Malam lambun a kujera mai taya. Na yaye bargon. Kwaku ya tsaya cak, sannan ya tako har jikin ƙarfen keji ya sunkuyar da kai. Malam ya zura yatsun hagu yana sosa masa wuya. Tsuntsun ya lumshe ido. Allah ya amsa roƙona, bai ambaci sunana ba. Hawaye na bin gefen bakin Malam, na yi kamar ina gyara bargo.

Can Moro ya ce, "Yaya, jibi za mu kama hanya. An gyara maka ɗaki."

Malam ya bugi hannun kujerar ya ce, "A'a."

Tar ta fito! Kalmar farko da na ji ta fita daidai tun ranar nan. Moro ya durƙusa yana lallashi, wa zai kula da kai a nan, ni ina kan hanya kullum da babbar mota. Malam ya sake cewa a'a.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ku bar shi."

Moro ya ce, "A bar shi wa wa, Hajiya?"

Na ce, "A bar mini shi."

Ya miƙe tsaye ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Hajiya, ka san abin da kake faɗa? Ba zai sake tuƙi ba. Wanka, cin abinci, komai sai an taimaka masa. Kuma mace ba za ta yi wa namiji wannan ba sai in..."

Na ce, "Na san sai in me. Ni ba yarinya ba ce."

Ban iya kallon kujerar ba. Moro ya sunkuya ya ce, "Yaya, ka ji abin da Hajiya ya ce? Ka yarda?"

Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Da rabin baki yake yin ta, kafaɗarsa na girgiza, yana gyaɗa kai, yana gyaɗawa, har Moro ya ce to ya isa, mun gani, kada wuyan ma ya samu matsala.

Ban tuna yadda na dawo gida ba. Shamima ta ce da takalmi na shiga har ɗaki.

Juma'a, 1 ga Mayu, da hantsi

Adjara ta ji. Wato duk Tompkinsville ta ji.

Asabar, 2 ga Mayu, bayan La'asar

Kafinta ya zo ya auna ƙofar ɗakin bayan shago, ya ce sai an faɗaɗa ta kafin kujerar ta shiga. Mun kwashe yadudduka mun hau da su sama. Moro ya je wurin liman. Na kira yayana a Fagge, ya ce ya wakilta liman, Allah ya sa albarka, amma sai na yi masa bayanin wannan tsuntsun da kyau.

Tsoro yana zuwa mini, ba zan ɓoye ba. Jiya na tsaya ina kallon yadda ma'aikaciyar jinya ke ɗaga shi daga gado, na ga nauyin abin. Ta ce za ta koya mini kafin a sallame shi. Bayana ba na da ba ne. Zan koya.

Wasu 'yan tsirarun gashi masu toka-toka sun fara tsirowa a ƙirjin Kwaku.

Lahadi, 3 ga Mayu, da safe

Yau bayan Azahar za a ɗaura aure, a lambun gidan jinya. Moro ya kawo goro da dabino tun da sassafe.

Amaren da na yi wa ɗinki a garin nan ban san adadinsu ba, amma Shamima ta rantse ba zan ɗinka nawa da hannuna ba. Ita ta hau keken. Wuyan rigar ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga zare na reto a gefe. Ta kawo almakashi ta ce in gyara, ba za ta ji haushi ba.

Na mayar da almakashin cikin akwati. Haka zan sa ta.